Akwatin wifi da aka kwashe wa ƙwaƙwalwa: ya shiga «gajimare» ke nan?

A garuruwan kudancin jahar Damagaram, tun daga Magarya da Dungas har zuwa Sassumbrum da ke bakin iyaka da Najeriya, duk gida ko shagon da intanet ya shiga, ta wani ɗan akwati ya shiga. Wani mifi ne da ake zurawa a aljihu, wani akwatin 4G ne mai ƙaho biyu da ake ɗorawa a taga don ya kamo rezo, wani kuma na Starlink ne, wanda aka fara sayarwa a hukumance a Nijar a watan Maris na 2025. Masu sana'ar «wifi zone», da ke sayar wa matasa tikitin awa guda ko na wuni, da yawansu da akwatin MikroTik suke aiki. Abu ɗaya ya haɗa duk waɗannan akwatuna: ƙwaƙwalwarsu a jikinsu take.

Shekara goma da ɗoriya ke nan manyan kamfanonin sadarwa na duniya suna neman canza wannan tsari. Burinsu a kwashe ƙwaƙwalwar daga akwatin a mayar da ita cikin manyan kwamfutocin kamfani, a bar wa mai gida ƙoƙo kawai, wanda ba shi da aiki sai watsa wifi da miƙa saƙo. Injiniyoyi na kiran tsarin vCPE. Masu talla kuwa sun fi son wata kalma mai daɗin ji, kilawud, wato gajimare, abin da Faransawa ke cewa «nuage». Daga nan gardama ta taso: akwatin da aka yi wa haka, shin ya shiga cikin abin da ake kira aikin kwamfuta a gajimare?

Amsar a taƙaice ita ce ba lallai ba. Mayar da na'ura manhaja abu ne daban, gajimare kuma abu ne daban, ko da yake sau da yawa tare ake ganinsu. Gardamar ta shafi mai saye kai tsaye, domin a cikinta ake sanin abin da zai ci gaba da aiki a gida ranar da rezo ya ɗauke, da wanda ke iya leƙa abin da ke cikin gidan, da kuma hukumar da za a kai wa kuka in an cuci mutum.

Zauren gida

Hanya mafi sauƙi ta gane aikin akwatin ita ce a dube shi kamar zauren gida. A zaure ake tsayar da baƙo, a tambaye shi wurin wa ya zo, a shiga da saƙonsa ciki ko a sallame shi. Akwatin wifi ma haka yake. Duk wayar da ta haɗu da shi sai ya ba ta lambarta ta cikin gida, don kada saƙon wani ya faɗa hannun wani. In wayoyi goma na gidan suka aika bukata waje, shi ke tattara su ya fitar da su da suna ɗaya, in amsa ta dawo ya san wadda ta aika ya kai mata. Shi ke gadi, yana hana wanda ba a kira ba kutsowa daga waje. Shi ke iya rage wa wani gudu, ko ya rufe wa yara wasu shafuka. Bayan waɗannan akwai aikin ƙarfi, wato kamo rezo daga eriyar kamfani ko daga igiya, da watsa wifi cikin ɗakuna.

Aikin ƙarfin ba ya ƙaura, domin dole a samu ƙarfe da eriya a cikin gidan. Sauran kuwa duk lissafi ne, kuma lissafi ko'ina ana iya yinsa. Abin da vCPE ke yi ke nan: ya ɗauke zauren ya kai shi harabar kamfani, ya bar wa gida ƙofa da dogon lungu da ya miƙe har can. Ƙungiyar Broadband Forum, wadda ke tsara ƙa'idojin intanet na gidaje, ta rubuta yadda za a yi hakan a 2016 cikin wata takarda mai lamba TR-317. A ciki an raba akwatin gida biyu, rabi a ɗaki, rabi a cikin kwamfutar kamfani.

Dalilin kamfanoni a fili yake. Wanda ke da akwati miliyan guda a gidajen mutane, iri-iri, wasu tsofaffi wasu sababbi, duk lokacin da ya so ƙara wani aiki ko toshe wata kafa da ɓarayin intanet suka gano, sai ya bi su iri bayan iri. Wanda ya lalace kuma sai an tura ma'aikaci da mota ko babur. A yanki kamar Sassumbrum, inda ƙauyuka ke warwatse kuma hanya ke yin wuya da damina, tafiya ɗaya ta ma'aikaci daga Magarya tana iya cinye ribar watanni ta wannan layin. In ƙwaƙwalwar tana wuri ɗaya, gyara ɗaya ya wadatar da kowa.

Gidan haya a cikin kwamfuta

Dabarar da aka gina wannan a kanta tsohuwa ce. Tun cikin shekarun 1960 kamfanin IBM na Amurka ya gano yadda za a raba babbar kwamfuta ɗaya ta zama kamar kwamfutoci da yawa, kowace tana aikinta ba ta san da ƴar'uwarta ba, kamar gidan haya mai ɗaki ashirin, rufi ɗaya, rijiya ɗaya, amma kowa da makullinsa. Kamfanin VMware da aka kafa a 1998 shi ya kawo dabarar kan kwamfutoci na yau da kullum. Kamfanonin waya sun daɗe ba su bi sahu ba. Sun saba da sayen na'ura ta musamman ga kowane aiki, mai tsadar gaske, daga hannun ƴan masana'antu ƙalilan.

A watan Oktoba na 2012, a wani taro a birnin Darmstadt na Jamus, kamfanonin sadarwa 13 suka fitar da takarda ta haɗin gwiwa suna cewa lokaci ya yi da ayyukan na'urorinsu za su koma manhaja a kan kwamfutoci na gama-gari. Cikinsu akwai AT&T da Deutsche Telekom da Telefónica da China Mobile, da kuma Orange, wanda a lokacin yake da reshe a Nijar, reshen da Zamani ya saya a 2019. Sunan da suka ba abin shi ne NFV, aka kuma danƙa tsara shi ga cibiyar ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ETSI, mai mazauni a kudancin Faransa. Da cibiyar ta jera wuraren da za a yi amfani da dabarar a 2013, akwatin gida na cikin jerin. A shekarar ce kuma Telefónica da kamfanin NEC na Japan suka sanar da gwajin vCPE a Brazil.

Babu inda wannan tarihi ya tilasta a ambaci gajimare. Ana iya raba kwamfuta gida goma a ajiye ta ƙarƙashin tebur a ofishin magajin gari, ba ta taɓa haɗuwa da intanet ba. An raba ta, amma ba wanda zai kira ta gajimare.

To, mene ne gajimaren?

Kalmar ta samo asali ne daga zanen injiniyoyi. In suna zana taswirar sadarwa suka zo inda layi ya fita waje, sai su zana siffar girgije, ma'ana can wani wuri da ba ruwansu da yadda aka haɗa shi. Kasuwar ta buɗe sosai a 2006, lokacin da Amazon ya fara ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin kwamfuta ta intanet, ana biya gwargwadon abin da aka ci. Kafin a ce me, kowane mai talla ya liƙa kalmar a hajarsa. Don a tsayar da magana, hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta fitar da wata ƴar takarda a watan Satumba na 2011, wadda Peter Mell da Timothy Grance suka rubuta. Ba ta kai shafi goma ba, amma har yau gare ta ake komawa.

Takardar ta ce sai abu ya cika siffofi biyar. Mutumin Magarya zai gane su in ya tuna famfon unguwa da ke shan ruwa daga shato. Mai bukata na zuwa da jarkarsa lokacin da ya ga dama, ba sai ya rubuta wa kowa takarda ba. Siffa ta farko ke nan, mutum ya ɗebar wa kansa. Famfo na samuwa a unguwanni da dama, kuma jarka ko bokiti duk suna shiga, wato ta biyu, a same shi ta hanyar sadarwa da kowace irin na'ura. Ruwan daga tanki ɗaya yake, ba wanda ya san ko wane lungu na tankin ne ya zubo masa, wato ta uku, tarayya a kan dukiya guda. Yau jarka biyu, ranar suna ko biki jarka ashirin, gobe a koma biyu, wato ta huɗu, ƙari da ragi nan take. Ta biyar kuwa awo ne, ana ƙirga jarka ana biya.

Wanda ya ɗora tanki a rufin gidansa ya ja bututu zuwa ɗakuna huɗu ya raba ruwa, amma bai kafa famfon unguwa ba. Tsakanin raba kwamfuta da gajimare ma tazarar ke nan.

In aka ɗora vCPE a ma'auni

Sakamakon ya danganta da inda mutum ya tsaya. Wanda ke cikin ɗakin injinan kamfani zai ga abu mai kama da gajimare ƙwarai. Dubban zaurukan gidaje suna zaune a kan kwamfutoci ƴan kaɗan suna tarayya. In sababbin masu layi ɗari suka shigo, manhaja na ƙirƙirar musu nasu cikin mintoci, in sun tafi a mayar da gurbinsu cikin tanki. Kamfanoni da dama sun gina irin wannan ɗaki a kan OpenStack, manhajar gajimare da hukumar NASA da kamfanin Rackspace suka fara a 2010. Takardar NIST kuma ta yarda da gajimare na ƙashin kai, wanda ƙungiya ɗaya ta gina don amfanin kanta. Saboda haka in kamfanin waya ya ce zauren gidan wane yana zaune a gajimarensa, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa.

Wanda ke cikin ɗakin mai gida kuwa ba abin da zai gani. Mai gida bai yi hayar kwamfuta ba, forfe ya saya. Abin da ake auna masa mega ne ko kwanaki, ba aikin zauren ba. Zauren ɗaure yake da layinsa, ba zai iya ɗaukarsa ya kai wani kamfani ba, ranar da ya bar layin kuma ya bar shi. Ba zai iya cewa a ninka masa ƙarfinsa na awa biyu sannan a rage ba. A wurinsa hidimar sadarwa ce irin wadda ya saba saye, sai dai an canza wa kicin wuri.

Masu cewa vCPE gajimare ne ba su rasa hujja ba. Hukumar sadarwa ta duniya, UIT, wadda Nijar ke cikinta, ta fitar da nata ma'anar a 2014 cikin ƙa'ida mai lamba Y.3500, a ciki kuma ta lissafa ba da hayar hanyar sadarwa ita kanta a matsayin ɗaya daga nau'o'in hidimar gajimare. Akwai kamfanonin da suka kai can. Tun wajen 2015 AT&T ke bai wa ƴan kasuwa damar shiga wani shafi su ƙara ko su rage gudun layinsu da kansu. Inda aka bai wa mai saye irin wannan makulli, yana kunna katangar tsaro yau ya kashe gobe, ana kuma caje shi gwargwadon haka, to sunan gajimare ya dace. Inda ba a ba shi ba, kalmar ta kamfani ce, ba tasa ba.

Akwai kuma wasu nau'o'i biyu da ke rikita lissafi. Na farko, ƙaramar kwamfuta ta gama-gari da ake ajiyewa a reshen banki ko ofishin wata ƙungiya, a zuba mata manhajar rawuta da ta katangar tsaro, kowace a ɗakinta. Ana kiranta uCPE. An mayar da na'urori manhaja, amma komai na nan cikin ofishin, ba gajimare ko kaɗan. Na biyu kishiyarsa ne, kuma shi ya fi yawa a hannun mutane: akwatin da ƙwaƙwalwarsa ke gida amma linzaminsa na nesa. Tun 2004 akwai ƙa'ida mai lamba TR-069 da ke bai wa kamfani damar gyara saitin akwatin mai gida daga ofishinsa. Akwatin Starlink ma a cikin gida yake raba lambobi da gadi, amma asusun mai shi, da sabunta manhajarsa, da ikon buɗe layin ko rufe shi, duk suna hannun kamfanin.

Masu «wifi zone» suna da misali mafi kyau a hannunsu, ko da ba su lura ba. Kamfanin MikroTik na ƙasar Latbiya yana sayar da wani akwati mai suna Cloud Core Router. Ƙarfe ne zalla da ake jona wa wuta, ba abin da ya haɗa shi da gajimare sai suna. Kamfanin yana kuma da Cloud Hosted Router, wanda shi ba akwati ba ne, manhaja ce kurum. In mai shago ya zuba ta a tsohuwar kwamfutar da ke ƙuryar shagonsa, ya mayar da na'ura manhaja, shi ke nan. In ya yi hayar ɗaki a kwamfutar wani kamfani a Faransa ko Jamus, yana biya wata-wata, yana iya ƙara mata ƙarfi da latsa maɓalli, ya zuba ta a can, to yana aiki da gajimare na haƙiƙa. Manhaja ɗaya ce a duk biyun. Wurin zamanta da yadda ake biyanta ne suka bambanta.

Ranar da igiya ta tsinke

A nan ne maganar ta sauko Sassumbrum. A ɗauki shagon buga takardu mai kwamfuta biyu da firinta ɗaya, duk a kan wifi. Da akwati irin na yau, ko rezo ya ɗauke wuni guda, kwamfuta na ganin firinta, ana buga takardun makaranta da na neman aiki, domin mai raba lambobi yana cikin shagon. In an kai zauren harabar kamfani gaba ɗaya, lungun kuma ya toshe, wayar da ta shigo sabuwa ba ta da mai ba ta lamba. Abubuwa biyu da ke kan tebur ɗaya sai su kasa gaisawa. Masu tsara vCPE sun san da wannan matsala, shi ya sa ake barin ɗan abin da zai riƙe gida a cikin akwatin kafin layi ya dawo. Amma hakan zaɓi ne na kamfani, kuma ba a cika rubuta shi a jikin kwali ba.

Tsinkewar layi kuma ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, har zuwa Maris na 2024. Jahohin Damagaram da Maradi na shan wutar ne ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Eriyar kamfani in ba wuta sai janareta ko hasken rana, kuma kowace eriya da ke tsakanin gida da harabar kamfani wata gaɓa ce da lungun zai iya karyewa. A ranar 14 ga Maris na 2024 kuma igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe fiye da goma, har da Nijar, wadda ba ta da teku sai ta bi ta ƙasashen maƙwabta.

Abin da wannan rana ta koyar ya shafi tambayar kai tsaye. Zauren da ke zaune a kwamfutar kamfani a Damagaram ko Yamai, igiyar teku ba ta taɓa shi. Wanda ke zaune a gajimaren wani babban kamfani a ƙetare kuwa, yana can bayan inda igiyar ta tsinke. Wato gwargwadon yadda vCPE ya zama gajimare na kasuwa, irin na Amazon ko Microsoft, gwargwadon yadda ya yi wa mai gida nisa ke nan.

Nisan ma ana iya lissafa shi. Haske na tafiyar kilomita kusan 200,000 a sakan ɗaya cikin igiyar fiba, wato kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, zuwa da dawowa kashi 9 cikin dubu, abin da ba wanda zai ji a jikinsa. Zuwa Turai kuwa sai an gangara bakin teku sannan a hau igiya, jinkirin yakan haura kashi 100 cikin dubu, kuma da zauren yana can, kowane saƙo sai ya yi wannan tafiya kafin ya kama hanyarsa, ko da Kano za shi. Manyan cibiyoyin gajimare na Afirka a Afirka ta Kudu suke: na Microsoft tun 2019, na Amazon tun 2020, na Google tun 2024. Amazon ya buɗe ƙaramin reshe a Legas a 2023. Saboda haka ne kamfanonin waya ke ajiye irin wannan aiki kusa da masu layi, a cikin gine-ginensu.

Ga Nijar, abin da zai sa hakan ya yiwu shi ne igiya da wurin ajiya na cikin gida. Aikin igiyar fiba ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, ya ƙunshi sama da kilomita 1,000 a Nijar, kuma ɗaya daga rassansa shi ne na Damagaram zuwa Magarya zuwa iyakar Najeriya. A cikin aikin akwai kuma gina cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai. Igiyar da ta bi babbar hanya ba ta nufin ta shiga kowane ƙauye, amma tana rage tsawon lungun.

Ƙasashen da suka riga kowa ɗaura akwatin gida da gajimare sun ɗanɗana kuɗarsu. A tsakiyar 2012 kamfanin Cisco ya sabunta manhajar wasu akwatunan Linksys daga nesa, masu su suka wayi gari ba sa iya shiga cikakken saitin akwatin da suka saya da kuɗinsu sai sun buɗe asusu a gajimaren kamfanin. Da surutu ya yi yawa kamfanin ya nemi afuwa ya janye. A watan Fabrairu na 2017 wata tangarɗa a tsarin asusun Google ta sa wasu akwatunan Google Wifi da OnHub suka goge saitinsu suka koma kamar ranar da aka fito da su daga kwali. Akwatunan lafiyarsu ƙalau, matsalar a kwamfutocin kamfanin take.

Wa ke gani, wa ke hukunci

Da akwati irin na yau, kamfani na ganin gidan kamar mutum ɗaya, domin zauren na fitar da saƙon kowa da suna guda. Da zarar zauren ya koma harabarsa, kowace waya da kwamfuta sai ta bayyana gare shi da lambar jikinta, da lokacin da ta shigo wifi da lokacin da ta fita. Kamfanoni na lissafa wannan cikin alfanun tsarin, tun da yana sauƙaƙa musu gano inda matsala take ba tare da tura ma'aikaci ba, kuma gaskiya ne. Sai dai a gidan da mutum ashirin ke zaune, wannan rajista ce ta shiga da fitar mutanen gida.

A Nijar hukumomi biyu ne abin ya shafa. ARCEP, wadda aka kafa a 2018, ita ke sa ido kan masu lasisin sadarwa irin su Airtel da Moov Africa da Zamani da Niger Telecoms, kan ingancin rezo da haƙƙin mai saye. HAPDP kuma ita ke kula da bayanan sirrin mutane, ƙarƙashin dokar da aka sabunta a watan Disamba na 2022, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da irin waɗannan bayanai zuwa ƙetare. Muddin vCPE hidimar sadarwa ce, mai lasisi ne ke da alhakin zauren, duk inda ya ajiye shi. Haɗarin kalmar gajimare shi ne ta zama ƙofar zamewa, ranar da abu ya lalace kamfanin waya ya nuna mai hayar kwamfuta, shi kuma ba shi da ofis a ƙasar balle a je a same shi. In mai hayar na Amurka ne, akwai ƙarin magana: wata doka da aka yi a can a watan Maris na 2018 ta bai wa hukumomin ƙasar damar neman bayanai daga kamfanoninsu ko da a wata ƙasa aka adana su.

Bakin iyaka na da nasa ƙulli. Ba abin mamaki ba ne a garuruwan da ke kallon jahohin Katsina da Jigawa a ga mutum da layi biyu, na Nijar da na Najeriya, yana zura wanda ya fi kamawa ko ya fi araha a cikin mifi. Akwatin na Sassumbrum, amma kamfanin da ke ɗauke da saƙonsa yana amsa wa hukumar NCC ta Abuja ne, bayanansa kuma na ƙarƙashin dokar kare bayanai da Najeriya ta yi a watan Yuni na 2023. Yau aƙalla zauren yana cikin gidansa. Da tsarin vCPE ne, da zauren ma ya tsallaka iyaka.

Mai akwati na iya gane irin nasa ba tare da ya kira injiniya ba. Ya zare katin SIM ko igiyar da ke kawo intanet, ya bar akwatin a kunne, sannan ya haɗa wata waya da ba ta taɓa shiga wifin ba. In ta haɗu, ya kuma iya buɗe shafin saiti ta lambar da galibi ake rubutawa a ƙasan akwatin, mai farawa da 192.168, to zauren na gida. In manhajar wayar ta ƙi bari a canza kalmar sirri sai da intanet, makullin na wani wuri ko da ƙwaƙwalwar na nan.

Mai «wifi zone» kuma ya tambayi wanda ya haɗa masa kayan inda ake adana jerin tikiti. In a cikin akwatin yake, tikiti na aiki muddin akwai wuta da rezo. In a kwamfutar haya yake a ƙetare, zai iya sarrafa shago uku ko huɗu daga wayarsa, ya ga cinikin kowanne ba tare da ya taka ƙafa ba. Amma ranar da kuɗin hayar ya ƙare ba a biya ba, ko kwamfutar can ta tsaya, faifan da ke kan rufi zai ci gaba da kamo intanet, yaran da suka sayi tikiti kuma suna zaune a kan benci ba wanda ya iya shiga.